Wa Ya Riƙe Madubin?

Yau mu ɗan jingine labarin soyayya tukuna.

Muna yara mukan tsinci fasasshen madubi mu riƙa haska wa juna rana a ido, har sai an biyo mu da bulala. Ashe irin wannan wasa ne Carl Friedrich Gauss, masanin lissafin nan na Jamus, ya mayar kayan aiki a 1821, lokacin da yake safiyon masarautar Hanoba. Sunan na'urar heliyotirof, wato madubi da aka haɗa da abin hangen nesa. Mutum ɗaya zai hau dutse ya aika hasken rana zuwa wani dutsen, inda mai awo ke jira ya ɗauki kusurwa. A Amurka, a 1878, an hango irin wannan haske tsakanin Dutsen Shasta da Dutsen Helena, tazarar fiye da kilomita 300.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Rana ba ta tsayawa wuri guda, dole mai madubi ya yini yana gyara shi, wani lokaci makonni yana zaune kan dutse cikin sanyi. In ya yi gyangyaɗi, aikin ranar ya tashi a banza. Amma wa ake tunawa? George Everest, wanda ya yi amfani da na'urar a safiyon Indiya, har dutse mafi tsawo a duniya aka sa wa sunansa a 1865. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ni dai a ganina, duk littafin da zai yabi mai awo, ya kamata ya ware shafi ga mai riƙon madubi. Ko ya kuka gani?