Asirin Wa Muke Rufawa?

Na taɓa zama a wani zauren sulhu da har yau idan na tuna shi barci ke ƙaurace wa idona. Bayan sallar isha'i ce, an shimfiɗa tabarmi biyu, dattawan unguwa sun jeru. A gefe ga wani magidanci mai shago a bakin layi, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Abin da ya tara mu, yarinya ce 'yar shekara tara mai tallar gyaɗa, da ya kira cikin shago da sunan zai saye farantin duka. Yarinyar ba ta wurin. Uwarta tana bayan ƙyaure, muna jiyo shessheƙarta. Wannan ya ce, “Sharrin shaiɗan ne.” Wancan ya ce, “Mutumin nan fa yana da iyali.” Wani dattijo ya gyara murya ya ce, “Idan maganar nan ta fita, wa zai aure ta?” Daga ƙarshe aka ajiye 'yan kuɗi a gaban uban, aka ce na magani ne, aka shafa fatiha. Washegari mai shago ya buɗe shagonsa kamar kullum. Ita kuwa aka tura ta ƙauye wurin kakarta, karatunta ya tsaya a aji uku.

Ni ma na shafa fatihar nan, kuma ban ce uffan ba. Saboda haka wannan kira da kaina na fara shi, kafin ya iso gare ku.

Jama'a, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a daren nan asirin wa muka rufa? Na yarinyar? Kafin gari ya waye babu gidan da labarin bai shiga ba, har yara na nuna ƙofar gidansu. Wanda muka lulluɓe shi ne mai shago. Mun wanke shi, mun mayar da shi bakin layi inda wasu 'yan tallan ke wucewa safe da yamma, mun kuma koya masa cewa kuɗin wannan ta'asa bai kai na tunkiya ba.

Kada wani ya ce ai tsautsayi ne na unguwa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a faɗin duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko ji musu rauni, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Ku tuna da abin da ya faru a Kwanar Ɗangora ta jihar Kano a watan Yunin 2020, lokacin da 'yan sanda suka kama wani mutum da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga yara ƙanana har tsohuwa 'yar shekara 80. Mata arba'in a gari ɗaya! Abin da ya kawo ƙarshen lamarin, wata uwa ce da ta gan shi a ɗakin 'ya'yanta, maƙwabta suka bi shi suka cafke. Mugu yana jin tsoron ihu, shiru kuwa taki ne a gonarsa.

Akwai karin maganar da ya kamata mu daina jawowa a irin wannan zama: wai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wane wari ne a jikin 'yar shekara tara? Wace kwalliya tsohuwa mai shekara 80 ta yi? 'Yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, take kwana a kicin, wa ta yi wa fari da ido? Duk ranar da muka fara da tambayar “me ya kai ta?” mun riga mun sallami mai laifi tun kafin a zauna shari'a. Tambayar da ta dace ita ce: wa ya aikata, yana ina, kuma su wa ya taɓa kafin ita?

Haka zancen yake a ɗakin aure. Mace ta taho gida da kumburarren ido da goyo a baya, ko ruwa ba ta gama sha ba an fara: “Zaman aure ɗan haƙuri ne. Mu ma haka muka zauna. Tashi ki koma ɗakinki.” Haƙuri abu ne mai daraja, da shi ake cin tuwo babu nama, da shi ake jure halin dangin miji da ƙarancin cefane. Amma haƙurin da ake yi a ƙarƙashin bulala da wayar wuta, sau da yawa makara ce ƙarshensa, sannan a taru a zaman makoki ana cewa kwana ne ya ƙare. Ya kai uba, ranar ɗaurin aure amana ka bayar. Idan an ci amanar, ƙofar gidanka ce mafakar farko. 'Yar da ta san gidan ubanta a buɗe yake, mijinta ma ya sani, kuma hannunsa ba ya saurin ɗaguwa.

Masu fakewa da addini kuwa, su nemi wata inuwar. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. A huɗubarsa ta ban kwana ya yi wasiyya da kyautata wa mata. Lokacin da Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙarar mahaifinta kan auren da ya ɗaura mata ba da sonta ba, warware auren aka yi. Sura guda a Alƙur'ani, Mujadala, ta samo sunanta ne daga macen da ta kai kukan abin da mijinta ya yi mata, aka kuma saurare ta. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, cutarwa hujja ce da alƙali zai raba aure a kanta. A ƙasar nan tamu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Kare mutuncin mace gadonmu ne, babu wanda ya kawo mana shi a jirgi.

Doka ma tana nan. A shekarar 2015 aka sa hannu kan dokar haramta cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, kuma jihohi da dama sun amince da ita. Ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai a kan fyaɗe, ta mayar da dukan abokin aure da korar mace daga gida da ƙarfi da watsi da iyali babu ci babu sha laifuffuka, ta ba kotu ikon sa a biya diyya. A 2019 aka buɗe kundin sunayen masu laifin lalata na ƙasa a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. A 2020 gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, jihar Kaduna kuma ta kai hukuncin wanda ya lalata ƙaramar yarinya har ga dandaƙa da kisa. Sai dai doka ba ta da ƙafa. Idan an kashe magana a zaure, alƙali ba shi da abin da zai yanke hukunci a kai.

To, idan abin ya auku, Allah ya kiyaye, me za a yi? Asibiti ne farko, kafin gidan mai unguwa, kafin taron dangi. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau, amma dole a fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku, a ci gaba har kwana 28. Akwai na hana ɗaukar ciki, shi ma kwanakinsa ba su wuce biyar ba. Kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafin da ke jikinta, domin su ne shaidar da ba ta karɓar cin hanci. Na san zuciyar uwa, abin da za ta fara nema shi ne ruwan zafi ta gasa 'yarta. Uwa, daure ki bari likita ya fara gani. Akwai cibiyoyin da aka buɗe domin wannan aiki kaɗai, ana duba mutum kyauta cikin sirri: cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Inda babu irinsu, asibitin gwamnati mafi kusa ya wadatar. Daga nan sai ofishin 'yan sanda. Wanda ba shi da kuɗin lauya, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da ƙungiyar WRAPA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar irin wannan koke.

Bayan asibiti da kotu, sauran aikin na gida ne, kuma shi ya fi tsawo. Kalmar farko da za ta ji daga bakinku ita za ta zauna mata har tsufa. Ku ce mata, “Mun yarda da ke. Ba laifinki ba ne.” Kada a tsare ta da tambayoyi a gaban jama'a, kada a ɗauki hotonta a watsa a WhatsApp da sunan neman mata adalci. A bar ta a makarantarta, a bar ta cikin ƙawayenta. Kada kuma a kuskura a aura mata wanda ya cuce ta wai don a rufe baki, wannan miƙa wa kura ajiyar nama ne. Idan ta daina magana, ko tana firgita cikin dare, ciwo ne da ke da masu maganinsa a waɗannan cibiyoyi, a mayar da ita.

Malamai da limamai, mumbari na hannunku. Ku kira fyaɗe da sunansa ranar Juma'a, ku faɗa wa maza cewa mari ba ya cikin sadaki. Limaman coci, haka nan ranar Lahadi. Masu unguwanni da dagatai, sulhu na rikicin iyakar gona ne da bashi da cacar baki. Fyaɗe laifi ne da ya fi ƙarfin zaure, ku miƙa shi gaba ko ɗan wane ne. 'Yan sanda da ma'aikatan kotu, talakan da aka ce ya kawo kuɗin mai da kuɗin takarda, aka ɗage masa shari'a sau goma, gajiya zai yi ya bar wa Allah, mai laifi ya koma layi. 'Yan majalisa da gwamnoni, cibiya ɗaya a babban birni ba ta isar macen da ke tafiyar awa huɗu daga ƙauye, a sa kuɗi a kasafi, a kai ta kowace ƙaramar hukuma.

Iyaye mata, ku ja 'ya'yanku a jiki har su iya gaya muku abin da ke da nauyin faɗa. Ku koya musu cewa babu mai ikon taɓa jikinsu, ko kawu ne, ko malami, ko maƙwabcin da ke ba su alewa, domin galibi ɓarnar daga wanda aka sani take fitowa. Tallar dare da aike cikin ɗakin samari, a sake dubawa. Ku kuma samari, ku ne kuka san abokin da ke alfahari da abin da ya yi a majalisa. Dariyar da kuka yi masa ita ce lasisinsa. Yaron da ya tashi yana ganin ana marin uwarsa, ko ana ce masa ƙanwarsa baiwarsa ce, karatu yake ɗauka, kuma zai biya shi a gidan wani.

Ba na jin yarinyar nan mai gyaɗa za ta taɓa karanta wannan rubutu, tunda mu muka raba ta da aji. Abin da ya wuce ba ya dawowa. Amma za a sake shimfiɗa tabarma a wani zauren, wataƙila a unguwarku, wataƙila cikin makon nan, kuma za a kira ka a matsayin dattijo ko maƙwabci ko ɗan'uwa. Idan an zo shafa fatiha, ka riƙe hannunka tukuna. Ka tambaya da ƙarfi yadda na bayan ƙyaure za ta ji: “Ina yarinyar? An kai ta asibiti?” Idan aka yi shiru, ka miƙe ka nemo abin hawa.