Irin Gyaɗa Mai Jure Kuturta Bai Kai Ga Talaka Ba

Duk dattijon da ya yi noman gyaɗa a ƙasar Kano ko Katsina bai manta da damanar 1975 ba. A shekaran nan kuturun gyaɗa ya ci gonaki wajen hekta 700,000 a Arewa. Mutum ya shuka, ya yi noma, ya yi maimai, sai ya ga ganye ya yi rawaya ya cukurkuɗe, gindi ya tsugune wuri guda, ranar cira ba kome sai saiwa. Farin 1973 ya riga ya raunana manoma, wannan kuwa ya ƙarasa su. Da yawa suka koma gero da dawa da wake, dalar gyaɗa ta Kano kuma ba ta ƙara tashi kamar dā ba.

Masu bincike sun daɗe da gane asalin ciwon nan. Darɓa ke kawo shi, watau ɗan ƙwaron nan mai tsotson ruwan ganye. In ta sha daga gindi mai ciwo ta koma kan mai lafiya, ta kai masa ke nan. Daga baya aka gane ƙwayoyin cuta uku ne suka haɗa kai: ɗaya ke lalata ganye, ɗaya ke rainonta, ta ukun ke lulluɓe su yadda darɓa za ta iya ɗauka. Amma cutar ba ta bin ƙwayar iri. Wannan abin lura ne ƙwarai, gama har yanzu akwai masu zargin iri alhali laifin na darɓa ne.

Neman iri mai jurewa ya ɗauki shekaru masu yawa. Bayan annobar da aka yi a Senegal cikin 1952, masana suka lura wata gyaɗar gargajiya daga kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa ta tsaya lafiya a inda sauran suka mutu. Sai dai tana da aibi, ba ta nuna sai ta yi wajen wata huɗu da rabi zuwa biyar a ƙasa. Damanar Kano ba ta kai haka ba, balle ta Daura ko Damagaram. Dole sai an haɗa ta aure da gyaɗa mai saurin nuna. To, halin jurewan nan ɓoyayye ne. 'Ya'yan farko duka suna kamuwa, a cikin jikoki kuwa ɗaya bisa 16 kaɗai ke gadonsa. Cikin waɗannan 'yan kaɗan ɗin kuma sai an tsinto mai nuna da wuri, mai yawan 'ya'ya, mai mai, mai harawa. Kowace damana a shuka, a sakar musu darɓa mai ciwo da gangan, a tuge waɗanda suka kamu. Wanda ke cewa ma'aikatan Samaru zaman banza suke yi, lalle bai taɓa tsayawa ya ga wannan aiki ba.

Aikin ya yi kyau. Cikin 2001 aka fid da Samnut 23, mai nuna cikin kwana 90 zuwa 100, a 2011 kuma Samnut 24, wadda ta fi ta sauri. Dukansu suna jure kuturta.

Amma a shiga kasuwar ƙauye ranar da aka yi ruwan shuka a tambayi Samnut da suna. Sau da yawa abin da za a auno wa manomi shi ne gyaɗar ƙuli, ja da fara da tsumammiya duk a buhu ɗaya, mai awo kuwa ya rantse iri ne. Nan ne aikin shekaru ya ke lalacewa. Dalili a fili ya ke. Gyaɗa ba ta riɓanya kamar hatsi. Mudun gero ya shuke gona babba, gyaɗa kuwa sai an zuba da yawa, ga nauyi, ga saurin lalacewa in an ɓare ta da wuri. Masu sayar da iri sun fi son masara, domin ta fi riba.

Tsadar iri kuma tana jawo wata ɓarna. Manomi ya ga kuɗinsa ba su kai ba, sai ya yi shuka tsalli-tsalli don ta game gona. Gwaje-gwajen da aka yi a Arewa cikin shekarun 1960 sun nuna darɓa ta fi sauka inda ta hango ƙasa tsirara tsakanin gindi da gindi. Shuka da wuri, kusa da kusa, yadda ganye zai rufe kunya kafin darɓa ta yi yawa, tana rage ciwon ko da da irin gargajiya ne. Ashe wanda ya yi tsimin mudu biyu ya buɗe wa cuta ƙofa.

Abin da ya kamata a yi bai fi ƙarfin ƙauye ba. Furen gyaɗa shi ke yi wa kansa barbara, saboda haka iri mai kyau ba ya rikiɗa daga shekara zuwa shekara sai in an gauraya shi. Manoma biyar ko goma sa iya haɗa kuɗi su sayi irin gaskiya ta hannun malamin gona, su ware masa fage guda, su cire shi dabam, su shanya shi dabam, su ajiye shi da ɓawonsa har bazara. Gyauron da ya tsiro a fadama da rani a tuge shi, gama darɓa da cutar suna iya fakewa cikinsa. 'Yan kasuwa kuma ya cancanta su raba buhun iri da buhun ƙuli, su rubuta sunan iri a jiki. Mai saye ba zai ƙi ƙara wani abu ba in ya tabbata. Ma'aikatan da takardun rabon iri ke bi ta hannunsu su ma suna da nasu, domin irin da ya iso ƙauye a ƙarshen watan Yuli, sai dai a soya.