Fim ɗin Umar Mukhtar: Ina Sanusiyya Ta Shige?

Da wuya a sami ɗalibin da bai kalli Lion of the Desert ba, wato fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Moustapha Akkad ya shirya, aka fitar a 1981. A nawa ra'ayin, fim ne mai kyau, amma kada mu ɗauke shi tamkar littafin tarihi.

Akwai gaskiya da yawa a cikinsa. Sojojin Italiya sun tsare mutanen gabashin Libiya a sansanoni, sun kuma ja waya mai ƙaya a kan iyakar Masar domin toshe hanyar kawo makamai da abinci. Haka nan an rataye Umar a Suluk ranar 16 ga Satumba, 1931, a gaban dubban jama'a.

To, amma an nuna Mussolini yana naɗa Graziani gwamnan Libiya a 1929, alhali Badoglio ne gwamna. Shi Graziani mataimakinsa ne a yankin Barƙa daga 1930.

Babban giɓin shi ne ɗariƙar Sanusiyya. Umar shehinta ne, kuma da sunan shugabanta Idris ya yi yaƙi. Duk da haka fim ɗin bai ba ta muhimmanci ba. Ba abin mamaki ba ne, domin gwamnatin Gaddafi ce ta ba da kuɗin shirya shi, kuma Idris ɗin ne sarkin da Gaddafi ya hamɓarar a 1969.

Saboda haka, ya ɗan'uwa ɗalibi, ka kalli fim ɗin, amma kafin ka kafa hujja da shi a jarrabawa, ka tambaya: wa ya biya kuɗinsa?