Awon Igiya a Gezawa: Wa Ya Ɓoye Wa Manomi Sashe na 36?

Duk wanda ya bi titin Haɗeja ya doshi Jogana ya san birnin Kano yana haɗiyar gonakin Gezawa, loma bayan loma. Inda bara aka girbe dawa, bana an binne bulo a kusurwa huɗu, an ce fuloti ne. Dillali ya zo da igiyarsa, ya yanka hamsin-hamsin, ya bar wata 'yar siririyar hanya da ko a-daidaita-sahu biyu ba za su gifta juna ba. Babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, maƙabarta kuwa sai ranar da aka yi rasuwa ake tunawa da ita. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun dangwala, an raba la'ada, an yi fatiha, an watse.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, masu ci daga cinikin nan sun san takardar da suka miƙa wa mai saye ba shaidar mallaka ba ce. Mutum biyu ne kawai ba su sani ba: manomin da ya sayar, da talakan da ya yi shekaru yana zubin adashe ya saya.

Ga abin da doka ta ce, tunda an ƙi faɗa wa mutane da Hausa. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ko kafin ita ma, mu a Arewa Turawa sun riga sun yi mana wannan ɗinki tun 1910, dokar 1962 ta ƙara jaddada shi. Abin da ke hannun manomi haƙƙin zama da amfani ne. Sashe na 36 ya amince cewa wanda yake noma gonarsa a karkara lokacin da dokar ta fara aiki zai ci gaba da riƙe ta tamkar an ba shi haƙƙin zama na gargajiya. Amma sashen ya hana a yanka irin wannan gona fuloti-fuloti, ya ce takardar cinikinta banza ce, har da tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga duk mai hannu a ciki. Tarar nan a yau ko kuɗin man babur ɗin dillali ba ta kai ba, amma kalmar “banza” tana nan da ƙarfinta, kuma a wuyan mai saye take faɗawa ranar da katafila ta iso.

To, a cikin wannan sashe ɗin dai akwai wata ƙofa da aka rufe wa manomi da gangan ko da sakaci. Dokar ta ce idan mai gona ya kai wa ƙaramar hukuma zane ko cikakken bayanin gonarsa, ya cike takardar neman rajista, aka tabbatar tasa ce, to wajibi ne a yi masa rajista. Wajibi, ba alfarma ba. Tun 1978 wannan magana take a rubuce. A je Tumbau, a je Wangara, a je Babawa ko Tsamiya Babba, a tambayi dattawan da ke zaune a gindin bishiya ko an taɓa tara su an karanta musu ita. Ƙananan hukumominmu sun iya bin kasuwa da rasit suna karɓar kuɗin rumfa. Su buɗe littafi su rubuta gonar wane, iyakarta gabas da yamma, wannan ne ya gagara?

Kuma ba ƙaramin abu ake wasa da shi ba. Ƙidayar 2006 ta ba Gezawa mutum fiye da dubu 280 a ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 340 ba. Nan babu saura, babu dajin da za a sara. Gonar da kake gani shekara da shekaru ake nomanta ba hutu, da takin dabbobi da tokar birni da jakuna suka yi ta jigila. Masana irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna nazarin yadda ƙasar kewayen Kano ke ciyar da wannan ɗimbin jama'a ba ta mutu ba. Gumin kakanni ne a cikin turɓayar nan. Amma idan gwamnati ta karɓe gona don amfanin jama'a, sashe na 29 bai san da wannan gumi ba. Diyyar shuka da bishiya da gini yake biya, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. A ƙirga maka ɗorawa biyu da tsamiya ɗaya a sallame ka. Sashe na 6 ya ce idan ƙaramar hukuma ta karɓe gonar noma ta ba mai ita wata a madadinta. A Gezawa, ina za a samo wata gonar?

Shi ya sa ba na ganin laifin manomin da ya ji ƙishin-ƙishin za a fitar da sabon tsari a yankinsu, ya yi maza ya kira dillali. Ya gwammace ya sayar da araha da ya tsaya a ƙirga masa bishiya. Tsoron nan shi ne jarin masu awon igiya.

Mu ma fa da namu laifin. Gonar gado ba ta babban wa ba ce. Sau nawa yaya ke sayar da gona ƙannensa mata suna gidajen aure ba su sani ba, sai sun ga ana sauke yashi? Shari'a ta yanka wa mace rabonta, fiƙihun Malikiyya ya ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi kason da ɗan'uwansa zai sayar kafin bare. Mai unguwar da ya san gidan ciki da bai, ya san marayun da sunayensu, ya kuma sa hannu saboda la'ada, ya ci amanar rawaninsa. Haka wanda ya shaida cinikin fuloti ɗaya ga mutum biyu.

Kada wani ya ce mini aikin ya fi ƙarfinmu. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1993 suka kafa dokar karkara mai kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, masu ba manomi takardar shaida, Bahaushen Maraɗi ya san su. Ruwanda ta yi wa filaye fiye da miliyan 10 rajista cikin 'yan shekaru. Mu nan, marigayi 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka zaɓi Kano da Ondo don gwaji. Akwai hukumar bayanan filaye KANGIS, akwai hukumar tsara birni KNUPDA, akwai ma'aikatar ƙasa sukutum. Ofisoshinsu na birni, hankalinsu na kan filayen birni, sai gari ya gama cin gona an yi gini an tare, sannan a zo da jan fenti.

Abin da nake nema daga shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli bai kai gina gada ba. A ware tebur ɗaya a sakatariya don rajistar gonaki, a liƙa kuɗinta a bango da Hausa da ajami, a bi mazaɓu a yi shela ranar kasuwa. Hakimi ya hana dagatai da masu unguwanni sa hannu a cinikin gonar gado sai duk magada, maza da mata, sun hallara. Wanda kuma aka kama ya shaida ciniki biyu a fili ɗaya, a tuɓe shi, a miƙa shi gaban alƙali tare da dillalinsa.