Kuɗin Suna da Kuɗin Shekara

Jama'a, akwai wani al'amari da ya kamata masu cin albashin wata, musamman akawuna da malaman makaranta, su tsaya su yi wa tunani. Haihuwa ba ta zuwa bagatatan. Allah ya ba mai gida wata tara na shiri, amma sau da yawa ba a tuna da kuɗi sai ungozoma ta yanke cibi.

To, daga nan sai gaggawa. Ga ragon suna ran bakwai, ga goro, ga ladan wanzami, ga itacen wankan jego har kwana arba'in. Waɗannan ba mu ce a bari ba. Rago sunna ne, mai jego kuwa tilas ta ci da kyau domin nono ya zo. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya ci bashin albashin wata uku saboda makaɗa da maroƙa da ɗinkin anko, a yi shagalin yini guda, sa'an nan a bar jariri da shekara guda ba ko kwabo a ajiye.

Domin kuwa ainihin hidima tana bayan suna. Allurar rigakafi kyauta ce a asibitin gwamnati: ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da ta ƙyanda a wata 9. Amma kuɗin mota zuwa can ba kyauta ba ne, balle tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Da damina ga zazzaɓin sauro, shi kuwa ba ya tambaya ko an yi albashi. Wata shida na farko nonon uwa kaɗai ya isa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, wannan kuwa babban rangwame ne ga wanda ya san tsadar madarar gwangwani. Bayan nan sai a fara kunu da gyaɗa da wake, kowane wata kuma riga tana matse shi.

Shawararmu ita ce, tun ran da ciki ya bayyana mutum ya riƙa ware wani abu daga albashinsa, ko ya shiga adashi. Ya sayi ɗan rago tun da wuri a kiwata a gida, kada suna ya faɗo daf da Babbar Salla ya sha tsada. Abin da ya tara kuma ya kasa shi biyu, kashin suna ya zama shi ne ƙarami. Babban kashin, watau na ciwo da asibiti, ya danƙa wa matarsa ta riƙe, don ita ce ke gida sa'ad da jikin yaro zai yi zafi, shi yana ofis ko yana gaban allo.