Digiri Ba Ƙarshen Karatu Ba Ne: Kira Ga Likitocin Dabbobi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman ku da ke sashen likitancin dabbobi, akwai wani mugun tunani da ya kamata mu tumɓuke tun yana ɗanye, wato zaton cewa ranar da mutum ya karɓi takardar digiri, ranar ya yi sallama da littafi. Wuƙar da aka daina wasawa takan dakushe. Ciwon haukan kare ya ishe mu misali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu daga cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai a shirya likkafani. Tun 1885 Louis Pasteur ya fito da allurar rigakafinsa a Faransa, amma har yau muna binne 'ya'yanmu. Wannan abin kunya ne.

Gaskiya ne kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo, kuma yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnuka allura yakan katse yaɗuwarsa. To, amma ina karen mafarauci yake yini? A dawa yake, yana faɗa da dila da tunku, da yamma ya dawo ya kwanta kusa da yara. Likitan da idonsa ya tsaya a kan karen birni, rabin aikinsa kawai yake yi.

Mu tuna cewa a ƙasar nan aka fara gano 'yan'uwan ƙwayar wannan cuta guda biyu. A 1956 an sami ɗaya a jikin jemage a tsibirin Legas, a 1968 kuma aka sami wata a jikin jaɓa a Mokola, cikin Ibadan. Dukansu suna haddasa ciwo mai kama da haukan kare, kuma allurar da aka saba yi ba ta ba da cikakkiyar kariya daga gare su. An taɓa samun ta Mokola a jikin kyanwoyi a kudancin Afirka. Likita nawa ne a ƙananan hukumominmu zai tuna da wannan in an kawo masa kyanwa tana dalalar da miyau?

Haɗarin kuwa ta fuska biyu yake tafiya. A tsaunukan Bale na Habasha, ciwon da ya fito daga karnukan makiyaya ya yi wa kyarkecin ƙasar mummunar ɓarna a farkon shekarun 1990, ya sake dawowa a 2003. Me zai hana irin haka a Yankari, inda ƙauyuka suka kewaye dajin?

Wasu za su ce babu kuɗi. Mun ji. Amma koya wa likita yadda zai ɗebo samfurin ƙwaƙwalwar mushen dila ba tare da ya cutu ba, ya adana shi cikin sanyi, ya aika Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom, bai kai kuɗin walimar taro ɗaya ba. Mushen da aka binne ba a gwada ba, gargaɗi ne aka binne.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya da ta tabbata kwas na ƙaro ilmi ya zama karatu na gaske mai gwaji da hannu, kada ya tsaya ga sa hannu a rajista. Jami'o'i su kai kwas ɗin jihohi. Likitoci su jawo sarakunan dawa da masu gadin gandun daji a jika, domin su ne kan fara ganin dabbar da ta daina tsoron mutum.

Duniya ta ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare nan da 2030. Ba za mu cika shi da ilmin da ya tsufa a aljihu ba. Allah ya sa mu gane.