Kada Ka Sayi Kayak ɗin da Ba Za Ka Iya Komawa Kansa Ba

Duk tallar kayak ɗin kamun kifi hoto ɗaya take nunawa: mutum tsaye ƙyam bisa ruwa mai kwance lumui, sandar fatsa a hannu, kujera mai jingina a bayansa, na'urar gano kifi tana haskawa a gabansa. Hoton da ba a nunawa shi ne na mutumin nan cikin ruwa, kwalekwalen ya kife, yana fafutukar hawa. A ganina, hoto na biyun ne ya kamata ya zaɓa wa sabon shiga kwalekwalensa, kuma dillalai da masu bidiyon YouTube da ke kawar da kai daga gare shi suna cutar mutane.

Asalin kayak na mutanen Inuit ne da maƙwabtansu na yankin ƙanƙara, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙirar itace. Kowane mafarauci da nasa, an auna shi da tsawon hannunsa da faɗin ƙugunsa. Kasuwar yau ta juya lamarin. Tun da kamfanin Hobie na Amurka ya fito da tuƙin feda a 1997, kwalekwalen masu fatsa ke ta ƙara faɗi da nauyi da tsada. Samfurinsa Pro Angler 14, idan an ɗaura masa dukkan kayansa, ya haura kilo 60. Ga gwani, kayan aiki ne na gaske. Ga wanda bai taɓa riƙe filafili ba, ɗaukar Dala ne ba gammo.

Za a ce mini: ai faɗi shi ne aminci, mai faɗi ba ya kifewa. Rabin gaskiya ke nan. Daidaiton kwalekwale iri biyu ne. Akwai wanda kake ji a ruwa kwantacce, wanda faɗi da shimfiɗaɗɗen ƙasa ke bayarwa. Akwai kuma ƙarfin tsayawa bayan ya karkata, kuma shi ke ceton mutum idan igiyar ruwa ta bugo daga gefe. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana bin karkatar igiyar ne, ya ruɗe ka da natsuwa har zuwa lokacin da zai juye gaba ɗaya. In ya juye, faɗin da nauyin da ka biya kuɗi dominsu su ne za su hana ka birkito shi. Ga shi kuma da nawa idan iska ta taso kana son komawa gaɓa.

Saboda haka tambayoyi uku suka isa. Ta farko: zan iya ɗaga shi ni kaɗai in ɗora a mota? Wanda ke bukatar mutum biyu, a gareji zai tsufa. Ta biyu: nawa yake ɗauka? Haɗa nauyinka da na kayanka, kada jimillar ta wuce kashi uku cikin huɗu na abin da kamfani ya rubuta. Ta uku, wadda ta fi duka: zan iya birkito shi in hau daga cikin ruwa mai zurfi? Wannan ba a karanta ta a takardar talla. Ka ari irinsa, ka je wuri mai aminci tare da wanda ya iya, ka kifar da shi da gangan, ka gwada.

Mafi yawan sababbin shiga, amsar za ta kai su ga wanda ake zama a samansa, mai ramukan da ruwa ke zurarewa da kansa, tsawon mita 3 da rabi ko kusa da haka, faɗin santimita 75 zuwa 85, nauyin da bai wuce kilo 30 da wani abu ba. Wanda ake shiga cikinsa kuwa, in ya kife cika yake da ruwa, kwashe shi a tsakiyar tafki sai wanda ya koya.

Rarar kuɗin kuma ta fara tafiya kan rigar ceto. Rahoton shekara-shekara na rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka abu ɗaya yake maimaitawa: cikin waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen shaƙatawa, fiye da kashi 80 cikin 100 ba su sanye da ita. Rigar da ke ɗaure a bayan kujera ba ta ceton kowa.

Mu ba baƙin wannan darasi ba ne. Masuncin Argungu, wanda ya tashi a bakin ruwa ya kuma fi ka iyo nesa ba kusa ba, ba ya faɗawa Matan Fada sai da gorarsa. Kai da ka koyi fatsa a waya, me ka taka da za ka shiga ba taka?